Kaifin hoto da amanar shaida

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai bar mana hoto ba sai guda ɗaya tak, wanda aka maƙala a katinsa na ɗan ƙasa tun zamanin mulkin Saini Kunce. Faɗinsa santimita 3 da rabi ne, tsawonsa 4 da rabi. Hatimin hukuma ya hau kan kafaɗarsa ta hagu, tsatsar maƙalin ƙarfe ta ci kusurwa ɗaya, gumin aljihu da zafin shekaru kuma sun mai da baƙinsa ruwan ƙasa. Tun rasuwarsa katin yana naɗe cikin wani tsohon kallabi a ƙasan akwatin Inna, a gidanmu na Sae Sabuwa, ba a fito da shi sai in ɗayanmu ya roƙa.

Bayan sallar layya ta 2024, ƙanena da ke kasuwanci a Abijan ya bugo mini waya, ya ce ƴaƴansa sun fara tambayar kamannin kakansu, shi kuwa ba shi da abin da zai nuna musu. Ya roƙe ni in kai katin Maraɗi a faɗaɗa hoton, a wanke shi babba. Na karɓo daga hannun Inna bayan na yi alkawarin dawo da shi kafin magariba. A wani shagon wankin hoto, saurayin da ke aiki ya ɗauki katin da na'urarsa, ya buɗe shi a kwamfuta, ya ja shi har ya kai santimita 30 da 40. Nan take fuskar ta watse, ta koma dishi-dishi kamar mutumin da aka hango daga nesa ranar da hazo ya sauka. Da ya ga raina ya ɓaci sai ya ce: «Mushe, kwantar da hankalinka, akwai magani.» Ya tura hoton cikin wata manhaja a wayarsa. Minti ɗaya bai cika ba sai ga fuska ta fito raɗau: gashin gira ɗaya bayan ɗaya, ƙyallin ido, har da zaren hula. Na biya kuɗi ina murna, na kamo hanyar gida.

Inna ta karɓa, ta miƙa hannu nesa da ido yadda tsofaffi ke yi, ta daɗe tana kallo. Can ta ce: «Wane ne wannan?» Na ce: «Inna, ai Baba ne.» Ta ce: «A'a. Dattijo ne mai kyau, Allah ya yi masa albarka, amma ba Malam ba ne. Ina tsagarsa?»

Mahaifinmu Bagobiri ne, yana da tsagar gidansu, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. A sabon hoton kuncin sumul yake kamar na jariri. Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne na yi tafiyar nan duka da hoton a hannuna, na dube shi ya fi sau goma, ban lura ba. Kaifinsa ya rufe mini ido, na gaskata shi don kawai ya fito tangaran. Tun daga ranar nake juya tambaya guda a raina: shin ya halatta mu sa hoto ya faɗi fiye da abin da kyamara ta gani?

Abin da ɗigo ke iya ɗauka

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san yadda abin yake aiki. Hoton zamani saƙa ne na ƙananan ɗigo, waɗanda masana ke kira fiksel. Kowane ɗigo launi ɗaya kawai yake ɗauke da shi. Ba shi da ciki, ba shi da wani sirri da za a tono in an matso kusa. Kyamarar farko irin wannan, wadda injiniya Steven Sasson ya harhaɗa a kamfanin Kodak a 1975, ɗigo 100 take jerawa a tsaye, 100 a kwance, jimla 10 000. Wayoyin da ɗalibaina ke ɓoyewa ƙarƙashin tebur suna alfahari da miliyan 12, ko 48, ko 50.

Idan aka zo wanke hoto a takarda, masu ɗab'i sun daidaita a kan ɗigo 300 a kowane inci, wato kimanin 118 a kowace santimita. Dalilin wannan adadi yana cikin idonmu ne. Lafiyayyen ido yana rarrabe abubuwa biyu idan tazarar da ke tsakaninsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri. A nisan da ake riƙe littafi, kamar santimita 30, wannan tazara ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ɗigon da ya fi haka ƙanƙanta ido ba ya ganinsa shi kaɗai, sai ya narke cikin maƙwabtansa, hoto ya zama sumul. A kan wannan lissafi, hoton albam mai santimita 10 da 15 yana bukatar ɗigo kimanin 1200 da 1800, wato miliyan 2 da ɗan kai. Mai girman takardar A4 yana bukatar kusan miliyan 9. Mai santimita 30 da 40, irin wanda na nema, kusan miliyan 17. Nisa kuma yana sassauta hukunci: a tazarar mita 10 ido ba ya rarrabe abin da bai kai milimita 3 ba, shi ya sa manyan allunan talla na bakin titi suke fitowa tsaf daga tsallaken hanya, amma in ka je gindinsu sai ka ga ɗigo kamar ƙwayar dawa.

Wanda ya taɓa shanya hatsi ya riga ya san wannan. Tiya ɗaya ta gero tana rufe faifai ruf. Ka baza ta a kan babbar tabarma, sai tabarmar ta leƙo ta ko'ina. Geron bai ragu ba, filin ne ya fi ƙarfinsa. Ƙaramin hoton mahaifinmu, ko da sabo ne fil, abin da takardarsa ke riƙe da shi a ma'aunin nan bai kai rubu'in miliyan ɗaya ba. Na je da shi ina neman miliyan 17. Wato a cikin kowane ɗigo 76 na babban hoton, guda ɗaya ne kawai ya fito daga katin. Sauran 75 sai dai a samo su wani wuri. Layin tsaga kuwa, da faɗinsa a fuska bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, idan aka ƙanƙance kan mutum zuwa santimita 3 sai ya koma ɗigo biyu ko uku, waɗanda shekaru arba'in na gumi da zafi suka mayar inuwa.

Yawan ɗigo ma shi kaɗai ba ya wadatarwa. Farantin da ke kama haske a cikin waya bai kai farcen ɗan yatsa ba. Idan aka cusa masa ɗigo miliyan 48, kowane ɗaya sai ya yi ƙanƙantar da hasken da ke faɗa masa ba ya isarsa, shi ya sa yawancin irin waɗannan wayoyi suke haɗa huɗu su zama ɗaya, su ba ka hoto mai miliyan 12. Gilashin da ya yi ƙura, hannun da ya girgiza, ɗakin da fitila ɗaya ce a cikinsa, duk suna cinye bayanin tun kafin ya isa ga ɗigo. Sa'an nan ga hanyar aikawa: WhatsApp, a tsarinta na yau da kullum, takan rage dogon gefen hoto zuwa ɗigo kimanin 1600, abin da ya isa albam amma bai isa bango ba. Hotunan suna da na aure da yawa a garuruwanmu sun bi ta wayoyi uku ko huɗu kafin su isa shagon wanki, asalinsu kuwa ya tafi da wayar da ta lalace.

A nan ne ya kamata a raba abu biyu da muke yawan haɗawa. Akwai cikar hoto, wato yawan bayanin gaskiya da ya kama daga abin da ke gabansa. Akwai kuma kaifinsa, wato yadda yake bugun ido. Kaifi ana iya ƙara shi da dabara: na'ura ta bi gefen kowane abu, ta ƙara duhu a ɓangare ɗaya, ta ƙara haske a ɗayan, sai ido ya ga kamar an wasa hoton. Aikin kwalli ke nan. Kwalli yana sa ido ya fito, amma bai taɓa ƙara wa mai shi gani ba.

Faɗaɗawa iri biyu

Kada mai karatu ya zaci ina gāba da faɗaɗa hoto ko da neman cika. Akwai faɗaɗawar da take bayyana gaskiya. Seydou Keïta, mai hoton Bamako wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yana aiki ne da manyan negatif masu santimita 13 da 18, yana wanke wa masu zuwa wurinsa hoto daidai girman negatif ɗin. Ya adana dubbansu da kyau. A shekarun 1990 aka fito da su, aka nuna su a Fondation Cartier ta birnin Paris a 1994, daga baya aka riƙa faɗaɗa wasu har suka kai santimita 120 da 180. Sai ga zaren leshi, ga ƙirar zobe, ga kitson kai dalla-dalla, abubuwan da masu hoton kansu ba su taɓa gani a ƙaramar takardarsu ba. Babu wanda ya ƙara su. Suna nan tun ranar da haske ya faɗa kan fim, suna jiran takardar da za ta ɗauke su.

Mu mutanen jihar Maraɗi muna da namu misalin, ko da yake daga sama aka ɗauki hotonsa. Taurarin ɗan adam na Landsat, tun daga 1982, kowane ɗigo na hotonsu yana rufe fili mai mita 30 da 30. A irin wannan ma'auni, gawo ɗaya a tsakiyar gona, ko kalgo, ko sabara, ba ya cika ɗigo, sai launinsa ya narke cikin na yashi. Shekaru da dama duniya tana maganar Sahel a matsayin ƙasar da hamada ke cinyewa, alhali manoman Agye da Gazawa da Gidan Rumji da na ƙasar Damagaram, tun bayan farin 1984, suna ta renon tohon kututture a gonakinsu, aikin da aka sani da sassabin zamani. Sai da masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotuna masu cika a shekarun 2000, suka kuma taka ƙasa da ƙafarsu, kafin aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200. A 2020 wata ƙungiya ƙarƙashin Martin Brandt na jami'ar Kopenhagen, da hotunan da kowane ɗigonsu rabin mita ne, ta ƙirga itatuwa sama da biliyan 1 da miliyan 800 a yammacin Sahara da Sahel. Ƙarancin ɗigo ya ɓoye gumin talaka, cikarsu ta mayar masa da haƙƙinsa. Saboda haka neman cika wani lokaci neman adalci ne.

Iri na biyu kuwa shi ne faɗaɗawar da take cike gurbi da zato. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu injunan kamfanin Xerox, idan sun ɗauki takarda, sukan musanya lambobi: inda aka rubuta 6 sai 8 ta fito. Don rage nauyin fayil, injin yakan ga ƙananan siffofi biyu masu kama da juna, ya ajiye ɗaya ya liƙa ta a gurbin ɗayar. Da lambar ta fito dishi-dishi, da ma'aikaci ya koma ga asali ya duba. Amma ta fito tsaf, kyakkyawa, ba ta ba kowa dalilin shakka ba. A 2020 kuma aka gwada wata manhaja mai suna PULSE, ta masu bincike a jami'ar Duke ta Amurka, da hoton Barack Obama da aka dusashe. Sai ta fito da fuskar Bature, raɗau. Masu manhajar da kansu sun bayyana cewa ba ta dawo da fuskar da ta ɓata, tana ƙago wadda za ta iya dacewa ne kawai.

Haka manhajar da ta taɓa hoton mahaifinmu take aiki. An ciyar da ita dubban dubatar fuskoki, ta koyi yadda fuska ta saba kasancewa. Idan aka ba ta inuwa, sai ta zaɓi abin da ya fi yawa cikin abin da ta taɓa gani. Kunci mai tsagar Gobirawa baƙo ne a wurinta, don haka ta ɗauki ɗigo biyu ko ukun nan a matsayin ƙarcen takarda, ta share. Irin wannan gyara kullum gefe ɗaya yake karkata: yana jan kowace fuska zuwa ga fuskar kowa da kowa, abin da ya keɓanta da mutum shi yake fara salwanta. Mu ƴaƴan Malam ba a yi mana tsaga ba, jikokinsa balle. Katin nan shi ne wuri na ƙarshe da tsagar gidanmu ta rage a bayyane.

Hujjar ƙanena

Da na ba ƙanena labari, bai karɓi ra'ayina da sauƙi ba, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce: «Yaya, wannan dishi-dishin da kake karewa, shi ma ai ba Baba ba ne. Baba ba shi da fuskar hazo. Idan mai kaifin ya yi ƙarya ta wajen ƙari, naka ya yi ƙarya ta wajen ragi. Yaro ɗan shekara bakwai ba zai ƙaunaci inuwa ba.»

Ya ƙara da cewa hoto bai taɓa zama tsantsar gaskiya ba. Wa bai ari babbar riga ba don hoton sallah? Masu hoton dā suna bin negatif da fensir suna gyara fuska. Seydou Keïta da nake yabo yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur a shagonsa, talaka ya jingina da su ya fito kamar mai hali. Ƙwaƙwalwar ɗan adam ma, in ji shi, haka take yi: duk lokacin da muka tuna mamaci muna cike abin da muka manta, muna goge abin da ba mu so. Don me za a yafe wa zuciya abin da aka hana na'ura?

Na yarda da rabin maganarsa. Hoto mai dishi-dishi nakasasshe ne, babu wata ɗaukaka a cikin nakasarsa, kuma da za a sami negatif ɗin wannan kati a kwabar wani tsohon mai hoto, da ni zan fara kai shi a faɗaɗa. Na kuma yarda cewa bukatar yaran ta gaskiya ce. Inda muka rabu shi ne a kan daidaita ƙaryar biyu.

Kalmar da ta ɓace

Hausa tana da wata ƴar ƙaramar kalma da nake ganin ta fi kowace nauyi a wannan batu, ita ce «wai». Idan na ce «Sarki ya iso», na ɗora wuyana a kan maganar. Idan na ce «wai Sarki ya iso», na sanar da mai saurare iyakar sanina: ji na yi, ban gani ba, ya auna da kansa. Faransanci yana yin wannan aiki da sigar fi'ili ta sharaɗi, wadda ƴan jarida ke amfani da ita ga labarin da bai tabbata ba. Duk shekara nakan sha wahala kafin ɗalibai su gane cewa wanda ya cire wannan siga daga jimla bai taƙaita ta ba, ya canza ta ne. Malamanmu na hadisi sun gina ilimi sukutum a kan wannan ladabi: sun raba ingantacce da kyakkyawa da mai rauni da ƙagagge, kuma mai ruwaya in ya yi shakkar lafazi yakan faɗi cewa ya yi shakka. Mai rauni ana ajiye shi da sunansa na mai rauni. Wanda aka yi wa kashedi mai tsanani shi ne ƙagagge, domin yana sanye da rigar ingantacce.

Dishi-dishin hoto shi ne «wai» ɗinsa. Yana ce wa mai kallo: iyakar abin da na kama ke nan, daga nan sai ka tambayi waɗanda suka san shi. Ragi ne, amma ragi mai shelar kansa. Jikan da ya ga inuwa a kuncin kakansa zai tambaya, a ba shi amsa. Jikan da ya ga kunci sumul ba zai tambayi kome ba, don hoton bai bar masa ƙofar tambaya ba; zai girma da tabbacin abin da ba haka yake ba, ya kuma gadar wa nasa ƴaƴan. Mun ce gani ya kori ji. To, idan ganin jabu ne, abin da zai kora shi ne ji na gaskiya, wato shaidar Inna da ta zauna da mutumin nan shekara arba'in.

Wannan ne kuma amsar maganar rigar aro. Mai hoto da wanda aka ɗauka da maƙwabcin da aka nuna wa duk sun san wasan. Ba a ruɗi kowa ba, kamar yadda mai tatsuniya ba ta ruɗin yara, tun da da «ga ta nan» take buɗewa. Mai zane da fenti ma hannunsa yana bayyane a aikinsa. Zuciya kuwa, in ta cike gurbi, tana da masu yi mata gyara: ni na tuna kaza, yayata ta ce ba haka ba ne, mu koma wurin Inna. Hoton na'ura ya bambanta da waɗannan duka domin yana aron amanar da muka ba kyamara, amanar cewa abin da ke kan takarda haske ne da ya taso daga jikin mutumin, alhali kashi mafi yawa nasa daga fuskokin baƙi aka tattaro. A kasuwa, wanda ya zuba wa madara ruwa, mai saye yana iya ganin ta tsinke. Wanda ya zuba ruwan ya kuma kaɗa gari don ta yi kauri, shi ne ya yi algus cikakke. A gaban alƙali kuma, mai shaidar da ya ce «duhu ne, ban ga fuskarsa sosai ba» ya sauke nauyi. Wanda ya siffanta fuskar filla-filla don a ji daɗin shaidarsa, sunan abin da ya yi shaidar zur, ko da niyyarsa taimako ce.

Batun bai tsaya ga mamata ba. Ranar da za a ɗauki hoton ɓarawon shanu daga nesa, a wasa shi da irin wannan manhaja, a yaɗa shi a wayoyin kasuwa, fuskar da za ta fito tana iya zama ta wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Al'ummar da ta saba ɗaukar kaifi a matsayin hujja ta buɗe wa wannan ƙofa tun kafin ya zo.

Sauran tambayar ƙanena ita ce ko yaro zai ƙaunaci inuwa. Marubucin Faransa Roland Barthes, bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1977, ya bi hotunanta ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai same ta a ciki. A littafinsa La Chambre claire na 1980 ya ba da labarin cewa wanda ya same ta a ciki wani tsohon hoto ne da ya koɗe, tana ƴar shekara biyar, kuma ya ƙi buga shi a littafin don ya san ba zai ce wa baƙo kome ba. Abin da ya faru a tsakar gidanmu ke nan. Da na mayar wa Inna da katin, ta dubi ɗan hoton nan da ba ya kai tafin hannun jariri, wanda idonta ma da ƙyar yake gani, ta ce: «Yawwa, ga Malam.» Sani ne ya cike mata abin da ɗigo suka gaza, saninta kuwa daga zama da shi ya samo asali. Yaran Abijan ba su da wannan sani, gaskiya ne. Amma hanyar ba su shi ita ce baki da labari, kuma wannan hanya tana nan a buɗe muddin tsohuwar tana da rai.

Abin da muka yi

Na koma Maraɗi na ce wa saurayin nan ya sake ɗaukar katin da mafi cikar da na'urarsa ke iyawa, kada ya bi da shi ta kowace manhaja, ya wanke shi a santimita 10 da 15. Ya yi mamaki, ya ce aikin ba zai yi kyau ba. Ban ga laifinsa ba, abin da masu zuwa shagonsa ke nema yake ba su. A wannan girma fuskar tana da laushi, amma in ka riƙe ta nesa kaɗan inuwar tsagar tana nan a kunci biyu. A bayan takardar na rubuta sunan mahaifinmu da garinsu da shekarar katin. Ƙanena ya nace a aika masa da mai kaifin shi ma, na aika, bayan na rubuta a ƙasansa, ta gaba inda ba za a iya ɓoyewa ba: «Zanen na'ura ne, an yi shi a 2024 daga hoton kati. Malam yana da tsagar Gobirawa.» Har yanzu ba mu gama daidaitawa a kan wanda ya fi cancantar a nuna wa baƙi ba.

Darasin da ya fi amfani kuwa na masu rai ne. Abin da ba a kama yau ba, babu injin da zai dawo da shi gobe. Duk mai tsoho a gida ya fito da shi inuwar bishiya da hantsi, ya goge gilashin wayarsa, ya matso da ƙafarsa maimakon jawo hoton da yatsa, ya kafe hannunsa, ya ɗauka. In zai aika, ya aika shi a matsayin fayil don kada hanya ta rage shi. Ya wanke a takarda, ya rubuta suna da shekara a baya. Na yi wa Inna haka a hutun da ya biyo, bayan doguwar gardama, don ta ce ita ba ƴar fim ba ce.

Da daren ranar ƙanena ya kira ta bidiyo, yaransa sun taru a bayansa da ƙaramin hoton a hannu. Babbar ta tambayi mene ne wannan duhun a kumatun kaka. Inna ta matso da fuskarta kusa da waya, ta ɗora yatsa a gefen bakinta, ta ja shi zuwa kunne, tana ƙirga musu da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, har shida, sa'an nan ta juya ɗaya kuncin ta fara daga farko.